Su wane ne “mutane masu ciki”? Amsa ga wata ungozoma daga Gombe

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a cikin garin Gombe. Na taƙaita ta saboda tsawonta, amma ban taɓa ma'anar maganganunta ba.

“Goggo, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ungozoma ce, shekarata tara ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti. Bara wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ni aikin wucin gadi, ina fassara mata takardun wayar da kai da saƙonnin rediyo a kan awon ciki da tazarar haihuwa daga Turanci zuwa Hausa. A sababbin takardun da aka turo mini, duk inda aka saba cewa mata masu ciki an cire kalmar mata an sa wadda ke nufin mutane, an kuma rubuta masu haihuwa a madadin iyaye mata, da masu yin haila a madadin 'yan mata. Shugabata a ofis ta ce in bi yadda aka rubuta, domin haka tsarin masu ba da tallafin yake. Maigidana ya ga takardar, ya nuna wa wani abokinsa, abokin ya ce wannan hanya ce ta shigo mana da auren jinsi, yanzu maigidan ya ce in ajiye aikin. Da kuɗin aikin nan nake biya wa ƙanwata makarantar koyon aikin jinya. Ni kaina ban gane dalilin sauyin ba, kuma ina tsoron kada in rubuta abin da zai sa mata su daina zuwa awo, ko in saɓa wa Allah. Yaya zan yi?”

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri bisa wahalar da kike sha da matan mutane dare da rana, ya kuma sa albarka a karatun ƙanwarki. Kin ƙulla maganar harshe da ta ofis da ta gida a ƙulli ɗaya, amma a cikin duk abin da kika rubuto, tsoron da kike yi kada mata su daina zuwa awo shi ya fi tsaya mini a rai. Ki riƙe wannan tsoro da kyau, domin da shi za ki auna kowace kalma, ta Turawa ce ko tamu.

Kafin in ɗauki alƙalami sai da na gwada abin. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata wadda ta haifi goma sha ɗaya, na leƙa wurinta da la'asar na ce mata an bayar da sanarwa cewa mutane masu ciki su je asibiti ranar Talata. Ta dube ni ta ce, “Yo akwai mutumin da ba shi da ciki ne? Ina yake zuba tuwo?” Dariya muka yi, amma amsar tata ta yanke rabin shari'ar. A Hausa kalmar ciki tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma ambaton mace ko yanayin zancen ne ke raba su. In kika ce mutum mai ciki ya zo, wanda mai sauraro zai hango shi ne wani alhaji mai teɓa. Saboda haka wanda ya bi Turancin kalma da kalma ya rubuta “mutane masu ciki” bai yi fassara ba, ya dai juya baƙaƙe ne, kuma saƙon ya faɗi a hanya tun kafin a zo batun aƙida.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne Hausa ta daɗe da mallakar abin da Turanci ke ta faɗi-tashin ƙirƙirowa. Ki duba kalmomin da muke amfani da su kullum a bakin aiki: mai juna biyu, mai naƙuda, mai jego, mai goyo, mai shayarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da kalmar mace, kuma in kika mayar da su jam'i kika ce masu juna biyu su zo awo, babu malamin da zai ɗaga gira, domin haka aka saba ji a rediyo shekara da shekaru. Kakanninmu ba don wata muhawarar jinsi suka yi haka ba, kunya ce da sakaya magana, irin wadda ta sa muke cewa an sauka lafiya ko an samu ƙaruwa ba tare da mun kama sunan kowa ba. To, ga ƙofa a buɗe. A wurare da yawa cikin takardar taki za ki iya rubuta “masu juna biyu”, ya zama Hausa ce tsantsa kuma bai saɓa wa Turancin ba, babu kuma wanda kika yaudara.

Sai dai wannan ƙofar tana da iyaka, kuma iyakar tana nan inda takarda ta juyo tana magana da mutum ɗaya. Bature yana da lafazi guda na wanda ake magana da shi, mace ce ko namiji. Mu kuwa ba mu da wannan damar: ko dai kai ko ke, ko ka zo ko kin zo, ko ɗanka ko ɗanki. Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a takardar awo ita ce irin wannan: “Idan kin ga jini, ko kanki yana ciwo mai tsanani, ko idonki yana ganin dishi-dishi, ko fuskarki da hannuwanki sun kumbura, ki garzaya asibiti, kada ki jira gari ya waye.” Ana iya mayar da ita “idan an ga jini a garzaya asibiti”, nahawu ba zai ƙi ba, amma zafinta ya tafi. Matar da ke kwance ita kaɗai da ƙarfe biyun dare, tana shakkar ko ta tashi mijinta ko ta daure, tana bukatar ta ji cewa da ita ake. Wannan “ki” ɗin ba zan sayar da shi ba ko nawa aka taya.

Bari in ɗan ratse, tunda a Gombe muke. Fulatanci ba ya raba mace da namiji a lamiri, “o” ɗaya ce ga kowa, shi ya sa dattijon da ya tashi a ruga yakan ce wa matarsa “ya tafi” ana yi masa dariya. Hausar Bauchi ma ta daɗe da sassauta bambancin jinsi a sunayen abubuwa, har Kanawa suna tsokanarmu da cewa muna faɗin “motan” a inda su suke cewa “motar”. Yarbanci da Ibo su ma lamirinsu ɗaya ne. Duk da haka ban ga wannan ya rage wa Bafulatana ko nisan kilomita ɗaya tsakanin rugarsu da asibiti ba. Nahawu yana da aikinsa, amma ba shi ke sayen man mota ba.

Yanzu ga dalilin sauyin, tunda kin ce ba ki gane shi ba, kuma bai dace ki ƙi abu ko ki karɓe shi ba ki san asalinsa ba. A Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da aka haifa da halittar mata amma suke ɗaukar kansu maza, suna rayuwa da sunan maza da shigar maza, dokokin ƙasashensu kuma sun ba su wannan damar. Akwai kuma waɗanda ba sa lissafa kansu a maza ko a mata. Wasu daga cikinsu mahaifarsu tana nan, suna yin haila, suna ɗaukar ciki, suna iya kamuwa da sankarar bakin mahaifa kamar kowace mace. Masu goyon bayan sabon lafazin suna cewa irin waɗannan mutane in suka ga ƙofar asibiti da takardunsa duk “mata” suke kira, sukan ƙi zuwa gwaji ko su makara, saboda gudun wulaƙanci. Hujjar tasu ke nan a taƙaice: kada kalma ta kori majinyaci daga magani.

Masu adawa kuma, waɗanda da yawansu mata ne 'yan fafutukar haƙƙin mata da ungozomomi da likitoci, suna cewa an ɗauki shekaru ana gwagwarmaya kafin a yarda a ambaci mace da matsalolinta a fili, yanzu kuma ana so a goge sunanta saboda wasu 'yan ƙalilan. Suna ƙarawa da cewa kiran mutum da sunan gaɓarsa ko jinin da yake zubarwa ƙasƙanci ne, kuma macen da ba ta yi karatu mai zurfi ba ko wadda Turanci ba harshenta ba ne, ba lalle ta gane cewa “masu bakin mahaifa” da ita ake ba.

Rigimar ta yi zafi sosai a 2021. A farkon shekarar wasu asibitocin gwamnati a yankin Brighton na Ingila suka fitar da jagorar lafazi ga ma'aikatan ɗakin haihuwa, inda suka ce za a ƙara sababbin kalmomin ne a gefen kalmar mace, amma duk da haka aka yi ta ce-ce-ku-ce. A tsakiyar shekarar daftarin kasafin kuɗin gwamnatin Joe Biden ta Amurka ya yi amfani da lafazin masu haihuwa a wajen maganar mace-macen iyaye mata. A watan Satumba kuma mujallar likitoci ta Lancet ta buga wata jimla a bangonta da ta kira mata da sunan gaɓar jikinsu, aka yi mata ca har babban editanta, Richard Horton, ya nemi afuwa. Da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki, ranar 24 ga Yuni 2022, sai gardamar ta shiga cikin masu kare wannan 'yancin kansu, wasu na cewa a ce haƙƙin mata, wasu na cewa a ce haƙƙin duk mai ɗaukar ciki. Daga baya iska ta juya. Ranar 20 ga Janairu 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatin Amurka jinsi biyu kawai ta sani, a watan Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Na kawo miki wannan jerin ne don ki ga cewa abin da aka ce miki tsari ne, su masu shi ba su gama daidaitawa a kansa ba, yana hawa yana sauka da zaɓe da hukuncin kotu. Ba daidai ba ne a ɗora lafiyar matan Nafada da Dukku a kan abin da ke sauyawa duk bayan shekara huɗu a wata ƙasa.

Mu ma muna da namu tarihin na yadda kalma ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta, kuma ke kin fi ni sanin na baya-bayan nan. A zamanin da na fara aiki, “ƙayyade iyali” ake cewa, kuma da zarar magidanci ya ji ta sai ya tashi ya kaɗe rigarsa, domin a kunnensa ana nufin wani ya zo ya yanke masa adadin 'ya'yan da Allah zai ba shi. Da aka koma “tazarar haihuwa”, aka haɗa ta da abin da mutane suka riga suka sani, wato shayarwa ta shekara biyu da ta zo a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, da ƙyamar da iyayenmu ke yi wa kwanika, sai ga malamai da sarakuna suna faɗinta da bakinsu. Maganin bai sauya ba, allura ce da ƙwaya da robar hannu kamar da, lafazin ne ya zo daidai da kunnen masu shi. A ɗaya ɓangaren kuma, ki tuna 2003, lokacin da jita-jitar cewa allurar shan inna tana hana haihuwa ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. A watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata ne irinki. Ko a 2024 kin ga ƙurar da ta tashi a kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, inda aka yaɗa cewa Najeriya ta amince da auren jinsi, gwamnati ta musanta, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ta duba ba ta ga haka ba, amma kafin nan maganar ta riga ta hau mumbari. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 sun rasu ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, takarda ɗaya da za ta sa a ce asibiti ya zama dandalin baƙuwar aƙida tana iya jawo asarar rayukan da ba za a taɓa ƙirga su ba.

Hukuncina dai shi ne ki rubuta mata inda Hausa ke cewa mata, ki rubuta masu juna biyu inda Hausa ke faɗin haka, kada ki rubuta mutane masu ciki ko kaɗan. Amma ban so ki tsaya nan ki ɗauka cewa masu waccan hujjar ba su da abin da za su koya mana. Tambayar da suka yi tambaya ce mai kyau: wa ke karanta takardarmu ya ji ba da shi ake ba? In kika yi wannan tambayar a Gombe, amsar da za ki samu daban ce da ta Landan, kuma ta fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Ki duba sau nawa muke rubuta “matan aure” a saƙonninmu kamar su kaɗai ke ɗaukar ciki. Yarinya 'yar shekara goma sha shida da tsautsayi ya faɗa wa, ko aka yi mata fyaɗe, in ta ji wannan ta san an rufe mata ƙofa, sai ta ɗaure cikin da zane har ranar da za a kawo ta tana jijjiga. Bazawarar da aka saka da ƙaramin ciki, da wadda mijinta ya rasu tana takaba, su ma kalmar ba ta ɗauke su ba. Ki rubuta “mata da 'yan mata” ko “duk mai juna biyu”, ki bar maganar aure ga waɗanda aikinsu ke nan. Ki duba kuma yadda muke barin maza a waje gaba ɗaya, alhali masana sun daɗe da bayyana jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda, wato jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa, kuma na farko da na biyu galibi a hannun maigida da uwar miji suke. Takardar da ba ta ce wa maigida “ka ba da izini tun kafin ka fita, ka ajiye kuɗin mota, ka san wanda zai ba da jini” ba, ta bar wanda mabuɗin ke aljihunsa. Haka nan saƙon da aka cika shi da ayoyi daga farko har ƙarshe, in aka saka shi a Billiri ko Kaltungo, matar da ke zuwa coci za ta ɗauka na wasu ne, kuma wadda Tangale ko Waja ko Fulatanci ne harshenta tana bukatar Hausa mai sauƙi, ba irin ta masu karanta labarai ba.

Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan ciwo, kuma laifinmu ne mu ma'aikata, har da ni a ƙuruciyata. Babu kalmar da ke cikin takarda da ta kori mata daga asibiti kamar kalmomin da ke fita daga bakinmu a ɗakin haihuwa. “Ni na yi miki cikin?” “Haihuwa ta nawa ke nan kike mana ihu?” Mace ta ji wannan sau ɗaya, haihuwa ta gaba a ɗaka za ta yi ta, ta kuma gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta. Da yawa daga cikin matan da ake kai wa cibiyar masu yoyon fitsari ta Ningi doguwar naƙuda a gida ce ta kai su can. In har za a kashe kuɗi a kan gyaran lafazi, a nan ya kamata a fara.

Game da tsoronki na saɓa wa Allah, ni ba malama ba ce, amma na yi karatun zaure gwargwado. Malamanmu ba su taɓa jin kunyar ambaton wanda halittarsa ta zo da ruɗani ba. Sun kira shi khunsa, mu muna cewa mata-maza, sun tsara masa hukuncin gado, har Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukanmu da mas'alarsa ya rufe. Wannan daban yake da waɗanda ake gardama a kansu a Turai, domin shi a jiki aka haife shi da abin, kuma ke da kike karɓar haihuwa wataƙila kin taɓa ɗaga jariri kika rasa abin da za ki ce wa dangi. Abin da nake so ki ɗauka shi ne duk wanda ya shigo hannunki yana zubar da jini majinyaci ne, ko yaya shigarsa take, ko me kika ji a kansa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma wajabta rufe sirrin majinyaci. Ki yi masa magani, ki kira shi da sunan da ya gaya miki, ki rufa masa asiri. Wannan bai bukaci ki sauya ko harafi ɗaya a takardar da za a liƙa a bangon asibiti ba.

Shugabarki kuwa, kada ki je mata da faɗa ko wa'azi, kuma kada ki sauya rubutun a ɓoye ki miƙa kamar kin bi umarni, domin ranar da aka gano, amanarki ce za ta zube. A sanina, sau da yawa na ofishin jiha sun fi masu ba da kuɗin tsoron kauce wa rubutu, alhali jagorar lafazin don Turanci aka yi ta, kuma waɗanda suka rubuta ta ba su san cewa ciki yana nufin tumbi ba. Ki rubuta mata takarda gajeriya cikin ladabi. Ki jera jimlolin uku ko huɗu, kowace da fassara iri biyu, ki mayar da kowace zuwa Turanci yadda Bahaushe zai fahimce ta, don ta ga da idonta abin da “mutane masu ciki” ke komawa. Sannan ki nemi izinin gwada su kafin a buga: ki karanta wa mata goma a ranar awo, da ungozomar gargajiya ɗaya ko biyu, da limami da fasto da wani daga kwamitin ci gaban mazaɓa, ki tambaye su da wa ake magana kuma me aka ce a yi, ki rubuta amsarsu yadda suka faɗa. Irin wannan gwaji sananne ne a aikin wayar da kai, babu ƙungiyar kirki da za ta ƙi shi. Ki nemi kuma a nuna wa sashen wayar da kai na hukumar lafiya matakin farko ta jiha, tunda a asibitocinta za a raba. In tana son madogara a rubuce, ki tuna mata cewa yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, a sashe na 14 da ke magana kan lafiya da haƙƙin haihuwa, mata ta ambata. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta awon ciki ta 2016 da ta ba da shawarar zuwa sau takwas, da mata take magana, kuma ko a inda ta ƙara sabon lafazi a wasu takardunta da suka biyo baya, takan fara da mata da 'yan mata ne sannan ta ƙara saura.

Sai maigidanki, wanda na bari a ƙarshe ba don ya fi ƙanƙanta ba. Kada ki ce masa abokinsa jahili ne, domin abokin ya taɓo wani yanki na gaskiya: lafazin ya fito ne daga waccan fafutukar ta ƙasashen Yamma. Inda ya zarce shi ne ɗaukar cewa takardar da ke koya wa mace shan maganin ƙarin jini da kwana cikin gidan sauro ita ce za ta ɗaura auren jinsi a Gombe. Dokar da ta haramta wannan tana nan tun Janairun 2014, kuma takardar awo ba ta shafe ta. Maigidanki kishinki yake yi da gudun abin da za a faɗa a majalisa, kuma wannan ba abin raini ba ne. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki gaya masa gaskiyar inda abin ya samo asali kamar yadda na gaya miki, sannan ki ɗora masa Hausar da kika rubuta a hannu ki ce ya karanta da kansa, in ya ga kalma ɗaya da zai ji kunyar a karanta a gaban mahaifiyarsa ya nuna miki. Ki nuna masa cewa in kin tashi daga kujerar, wani za a ɗora wanda zai juya baƙaƙen yadda aka ba shi, kuma matan unguwarku ne za su ji shi a rediyo. Ki roƙe shi wata ɗaya, ki kuma yi masa alkawari, ki cika: in ofis ya dage sai kin rubuta abin da kika san zai ruɗa mata ko ya jawo zargi a kan asibiti, za ki ajiye aikin fassarar da hannunki, karatun ƙanwarki kuma Allah zai buɗa wata hanya. In akwai malamin da yake jin maganarsa, ku je tare da takardar Hausar. Abu ɗaya da za ki roƙe shi tun a daren yau shi ne kada shi ko abokinsa su ɗauki hoton takardar Turancin su tura a WhatsApp, domin magana zarar bunu ce, kuma in ta fita da sunanki za ta fita, ba da sunan waɗanda suka rubuta ta a wata ƙasa ba.

Da ni ce zan buɗe saƙon rediyon, ga yadda zan fara: “Ke mai juna biyu, ko cikin fari ne ko na goma, ko a wane hali kika same shi, asibiti naki ne, ki zo awo da zarar kin tabbatar. Kai kuma maigida, ka ba da izini tun yau, ka tanadi abin hawa tun kafin naƙuda ta tashi.” Ki gwada wannan tare da naki a ranar awo mai zuwa, ki fara da tsofaffin da ke rako 'ya'yansu goyon ciki, domin su ba sa ɓoye abin da ba su gane ba. Ki rubuto mini abin da suka ce, da yadda kuka ƙare da maigidan.